Shagon Saje mai gyaran keken marasa ƙafa a Ƙofar Ruwa: abinda ya burge ni da wanda bai min ba

Jama'a assalamu alaikum. Mutane da yawa a unguwarmu suna ta tambayata ina muka samo keken da Baba yake hawa yanzu, wasu har cewa suke wai daga waje aka aiko mana dashi, toh ba daga waje bane, tsohon keken nan ne dai da muka siya a kantin kayan asibiti, wani tsohon soja ne a wajajen kasuwar Ƙofar Ruwa ya kwance shi gaba ɗaya ya sake masa tsari. Shine nace bari in rubuta yadda wurin yake tsakani da Allah, mai kyau da marar kyau, saboda nasan akwai gidajen tsofaffin sojoji birjik a Kano, daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo zuwa kewayen barikin Bokabo da Janguza, da suke fama da irin abinda muka yi fama dashi kuma basu san inda zasu dosa ba. Maganar a dunƙule ita ce in gyaran keke ne ko sandar dogarawa ko maida babur mai ƙafa uku toh ku je hankalinku kwance, in kuma sauri kuke ko matsalar ƙafar roba ce toh akwai bayani a gaba.

Shagon ba shi da ko allo, kowa shagon Saje yake ce masa, rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a ciki, injin walda, bayis, tarin fayif da tsofaffin wilin keke a rataye. Shi Sajen ƙafarsa ta hagu ce babu daga ƙasan gwiwa, a Borno motarsu ta taka bam ɗin da aka binne a hanya, yayi jinya a asibitin sojoji na 44 a Kaduna, walda kuma a cibiyar nan ta Oshodi a Legas ya koya, inda ake koyawa sojoji masu shirin barin aiki sana'a. Da ƙafar roba yake yini a tsaye yana aiki, in ta dame shi sai ya cire ya jingine ta ya hau wani ɗan benci mai taya da ya ƙera wa kansa ya ci gaba. Wannan shine abu na farko da ya bambanta shi da sauran masu walda a wajena, duk abinda zai ɗora ka a kai shima jikinsa ya ɗanɗana, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi Babanmu samanja ne mai ritaya, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya da rundunar ECOMOG, wato sojojin kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya yaje Saliyo, ya cika shekara 35 ɗinsa ya dawo gida da ƙafafunsa biyu lafiya lau, sai bayan ritaya ciwon suga ya cinye ƙafar dama, ɗan ciwo ne a yatsa ya ƙi warkewa har aka kai ga yankewa a ƙasan gwiwa. Na faɗi wannan ne saboda mutane in an ce tsohon soja mai nakasa sai hankalinsu ya tafi kan harsashi da bam kawai, alhali da yawan waɗanda na gani a shagon nan suga ne da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa da baya suka kwantar dasu, jikin da ya shekara talatin yana ɗaukar kaya yana fareti yana kwana a rami in ya zauna lokaci ɗaya sai komai ya taso.

Keken da muka siya irin na asibiti ne mai ninkewa, a ido gwanin kyau yana ƙyalli, amma na tura marar lafiya ne a kan tayil daga ɗaki zuwa ɗaki, ba na lungunan Kano ba. Ƙananan tayoyin gaba da sun ga yashi sun nutse, mazaunin leda ce kawai ta lotsa, Baba yana zama sai ya karkace gefe guda, sannan abinda yafi tsorata mu in zai hau ɗan tudun ƙofar gida sai gaban keken ya ɗaga kamar zai kifa da baya. A ƙarshe dai ya daina hawa, ya koma zaman ɗaki, mutumin da ada shi yake buɗe masallacin layinmu da asuba.

Da naje shagon da keken a bayan adaidaita sai Saje yace min “ƙanena ina mai keken?” nace yana gida, yace toh ka koma ka taho dashi, ni bana gyara keke ban ga mai hawa ba. Kuma da gaske yake, ko taɓa keken baiyi ba. Ranar da muka kawo Baba yana jin an ce samanja ne sai ya miƙe ya ƙame ya sara masa, yace ranka ya daɗe Oga, bismillah zauna a nan, ya zaunar dashi a kan benci mai tauri ya ɗauko tef. Ya auna faɗin ƙugu, ya auna daga baya zuwa bayan gwiwa, yasa yatsunsa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwar yace dole a bar wannan tazarar in ba haka ba bakin kujera zai dinga danne jijiya, ya sa Baba ya saki hannayensa ƙasa ya duba inda yatsunsa suke kaiwa a jikin taya, ya tambaye shi ƙofar banɗakin gida faɗinta nawa, tsakar gida siminti ce ko ƙasa, akwai lambatu a ƙofar gida ko babu, wa yake tura shi in ya gaji. Duk yana rubutawa da alli a jikin ƙofar shagon. Ni dai a kantin da muka siya keken ba wanda ya tambaye mu komai in banda wane kala kuke so.

Maganar kifawa da baya kuwa sai da yayi min bayani na gane, yace ƙafa tana da nauyi, ita take riƙe gaban keke a ƙasa, in an cire ta nauyin mutum sai ya koma baya, shiyasa keken wanda aka yanke wa ƙafa ake matsar da aksul ɗin manyan tayoyi baya kaɗan. Haka yayi, ya yanko faranti na ƙarfe ya huda ya matsar da tayoyin, ya ƙara wasu ƴan ƙananan tayoyi biyu a baya masu tare keken in ya tashi ɗagawa, na gaba kuma ya cire ya saka masu faɗi da kauri waɗanda basa nutsewa a yashi. Manyan tayoyin ya canza su zuwa wilin keke na yau da kullum mai tub, dalilinsa shine duk mai faci da mai gyaran keke a garin nan zai iya taɓa maka shi, ba sai ka dawo wajensa ba in sifok ya karye ko taya tayi faci, kuma mai iska yafi laushi a hanya mai gargada. Gaskiya ne yafi laushi, amma ku sani sai kun ajiye famfo a gida domin yana sacewa.

Sai wani ɗan katako mai soso da ya maƙala a gefen dama wanda ake janyowa a ɗora dungun ƙafar a miƙe. Yace Oga kada ka bari gwiwar nan ta yini a lanƙwashe tana reto, in ta saba haka zata ƙage ta ƙi miƙewa kuma ranar da zaka sa ƙafar roba zaka sha wahala, sannan dungun zai dinga kumbura. Da muka koma wajen masu gashin ƙashi a asibiti maganar da suka faɗa mana kenan sak. Matashin zama kuma bai yarda da soson katifa na gama-gari ba, kala biyu ya haɗa, mai tauri a ƙasa mai laushi a sama, ya ɗan rarake wajen da ƙashin zama yake sauka, ya bada a ɗinka masa riga mai zif da ake cirewa a wanke. Ya ja kunnen Baba sosai kan ya dinga dafa hannun keke yana ɗaga jikinsa akai-akai kada ya zauna awa da awanni wuri ɗaya, saboda gyambon zama in ya kama mai suga ba ƙaramin tashin hankali bane. Hukumar lafiya ta duniya ma tun 2008 ta fitar da ƙa'idojin bada keken a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma jigon abin shine a auna mutum a bashi daidai jikinsa da inda yake rayuwa tare da matashi, ba a loda kekuna iri ɗaya a mota a raba a ɗauki hoto ba.

Yanzu Baba da kansa yake fita, ya gangara tudun ƙofar gida ya bi layi har masallaci, kuma tunda aka gyara bai sake ɗagawa ba. Waldar tana nan daram, birkin hannu yana kamawa. Kuɗin da muka biya gaba ɗaya bai kai na sabon keke irin wanda muka siya ba, kuma kafin ya fara sai da ya rubuta min kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban, yace in naga dama in shiga kasuwa in siyo kayan da kaina tunda gata nan a bayansa. Ragowar fayif ɗin da ya rage ma sai da ya miƙo min.

Inda ya ƙara girma a idona shine maganar ƙafar roba. Ta Baba ta fara yi masa yawa, dungun ya motse kamar yadda yake yi a watannin farko bayan yanka, in ya taka sai ta dinga juyawa tana goge masa fata. Nace Saje tunda kaima ita kake sawa ko zaka ɗan matse mana ita, sai ya girgiza kai yace a'a ƙanena wannan ba aikin mai walda bane, in na ɗumama robar nan na matse wuri ɗaya zata danne wani wurin, kuma Oga mai suga ne ba lallai yaji zafi ba sai dai ku wayi gari ku ga ciwo, ku tafi asibitin ƙashi na Dala ga shi nan kusa, akwai sashen masu yin ƙafa su zasu sake awo. Abinda kawai ya yarda yayi shine ya nuna masa yadda ake ƙara safa a kan dungu kafin a samu zuwa, ya kuma ce kullum da dare a duba dungun da ɗaya ƙafar mai lafiya da madubi ko wani ya duba masa, in an ga ja ko ƙuraje a ajiye ƙafar a tafi asibiti. Wani ne da karɓar kuɗin zaiyi ya lalata mana. Ga waɗanda suke can arewa maso gabas kuma akwai cibiyar yin ƙafar roba a asibitin koyarwa na Maiduguri da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe a 2020, kafin nan Kano ake kawo da yawansu.

Toh yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Na farko alƙawari. Ranar da yace a zo a karɓa ba ita bace ranar da aka gama, an ɗaga mana ba sau ɗaya ba, yau babu wuta, gobe man janareta yayi tsada sai an tara aiki za a tayar, jibi ƙafarsa ta kumbura bai fito ba. Uzurin duk gaskiya ne na gani da idona, amma wanda aka karɓi kekensa fa ƙafarsa aka karɓa, Baba duk tsawon lokacin nan a ɗaki ya zauna ko banɗaki sai an riƙe shi, kuma shagon ba shi da keken aro ko ɗaya da za a baka ka riƙe kafin a gama naka. Wannan babban giɓi ne kuma abu ne da zai iya gyarawa da tsofaffin kekunan da suke jibge a bayan shagon. Kuma ba ya kiran waya ya sanar da kai an ɗaga, sai kazo ka tarar.

Na biyu ƙofar shagon kanta. Akwai lambatu a gaba an ɗora masa wani ɗan siririn katako, mai keke ba zai iya tsallakawa shi kaɗai ba sai yaran shago sun ɗaga shi, a wurin da kusan duk masu zuwa marasa ƙafa ne. Yace mai wurin ne ya hana shi zuba siminti, toh amma faranti na ƙarfe mai faɗi ai aikin yini ɗaya ne a wajen mai walda. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta bada shekara 5 ne a gyara gine-ginen da jama'a suke shiga su zama masu keke zasu iya shiga, wa'adin ya wuce, kuma kowa yasan yadda matakalar bankuna da ofisoshi da ma masallatanmu suke har yanzu, ina ganin wanda yafi kowa sanin zafin abin shi ya kamata ya fara nuna misali a ƙofarsa.

Na uku fenti da ƙarasa aiki, ƙarfi kam akwai amma kyau sai a hankali, da burushi ake shafa fentin kuma ya fara ɓarewa a wajen da hannu yake yawan taɓawa, akwai wani bakin walda a ƙasan mazauni da ba a goge ba har ya yaga wa Baba riga, sai da muka mayar aka goge, bai karɓi ko sisi ba kuma ya bada haƙuri. Sannan keken ya ƙara nauyi kuma yanzu baya ninkewa sosai kamar da, sa shi a but ɗin ƙaramar mota sai an cire tayoyi. In kai mai yawan tafiya ne da mota ka faɗa masa tun farko. Sai kuma magana, Saje yana da faɗa da ɗaga murya, wani ɓangaren halin bariki ne wani kuma kunnensa ɗaya baya ji sosai tun ƙarar bam ɗin, so da yawa ba faɗa yake ba bai san muryarsa ta kai haka ba, in zaka masa magana ka tsaya ta damansa. Mata da suka kawo mazajensu ko iyayensu naga wasu suna ɗan jin nauyin wurin saboda ba wajen zama na daban, duk maza ne a benci ɗaya ga ƙarar injin gogewa ga tartsatsi.

Shi wannan bencin kuwa wani abu ne da ban san yadda zan sa masa farashi ba. Kullum zaka tarar da tsofaffin sojoji a zaune, wani ya kawo sandarsa a canza mata robar ƙasa, wani ba abinda ya kawo zuwa kawai yayi. A nan ake jin labarin yaushe za a yi tantancewar fansho, wace takarda ake nema, yadda ake amfani da katin inshorar lafiyar sojoji ta DHML wadda ta haɗa har da masu ritaya, wa ya rasu, matar wa take bin haƙƙin mijinta. In aka zo maganar haƙƙoƙi kam murya tana tashi, kun dai sha ganinsu a labarai suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, ga tsadar rayuwa tun cire tallafin mai a 2023 wadda ta haɗiye ɗan abinda ake samu. A bencin nan na fara jin Baba ya faɗa da bakinsa cewa yatsun ƙafar da aka yanke suna masa zugi da dare, abinda ya ɓoye mana saboda kada a ce aljanu ne ko ya fara ruɗewa, sai Saje yace Oga nima haka, jijiya ce da ƙwaƙwalwa basu manta ƙafar ba, ka faɗawa likitanka akwai maganin da ake bayarwa. Wani dattijo a gefe shima yace shi barci ne baya samu, ƙarar knockout ɗin yara lokacin biki sai ta sa shi zufa, nan ma Saje bai tsaya kwana-kwana ba yace masa wannan ciwo ne kamar kowane ciwo kaje ka ga likitan ƙwaƙwalwa ba hauka bane. Da ni na faɗawa Baba haka ba zai saurare ni ba, amma daga bakin wanda ya sa kaki ya karɓa.

Ma'aikatansa ma abin a duba ne, akwai wani kofur da aka sallama saboda raunin hannu shi yake harkar soso da ɗinki, sai yara masu koyo waɗanda yawanci ƴaƴan sojojin da suka rasu ne. Mun saba tsohon soja in ya bar aiki sai gadi a ƙofar wani mai kuɗi ko kamfani, in kuma ba ƙafa ko gadin ma ba a ɗauka, shiyasa ganin mutum ya riƙe sana'a har yana ɗaukar wasu yake min daɗi, kuma ba don tausayi nake cewa ku kai masa aiki ba, don ya iya ne. Ranar 15 ga Janairu duk shekara ana ajiye furanni ana tunawa da mazan jiya, toh ga masu rai nan a bayan kasuwa suna neman ciniki.

Babur mai ƙafa uku ban yi a wajensa ba amma na tsaya na kalli wanda yake haɗawa wani malamin makaranta, ƙaramin babur ne irin roba-roba aka ƙara masa taya biyu a baya da firem, aka maida birkin ƙafa zuwa hannu, aka yi wajen soke sanduna a gefe, mai shi yace min na biyu kenan da ya yi a wajen kuma na farkon siyarwa yayi ba lalacewa ba. Sandar hammata kuma yana yanke ta daidai tsawon mutum, yana barin tazarar yatsu biyu zuwa uku a ƙasan hammata, yana nanata cewa nauyi a tafin hannu ake ɗorawa ba a hammata ba don kada a danne jijiyar hannu ya mutu.

In zaku je ku tafi da mai hawan da kansa, ku auno faɗin ƙofar banɗaki da ta ɗaki tun daga gida, ku je da safe kafin rana ta buɗe saboda rumfar kwano ce zafi yana da yawa ga marar lafiya, mai suga kuma ya ci abinci ya taho da maganinsa domin awon yana ɗaukar lokaci. Ku nemi keken aro a wajen ƴan uwa kafin ku bada naku, ku yi ciniki a rubuce, kuma ku riƙe wani abu daga kuɗin aiki sai ranar karɓa, shi da kansa baya ƙin hakan. Yana karɓar taransifa amma yafi son kuɗin kaya a hannu tunda a take yake aika yaro cikin kasuwa. Ranar Juma'a daga azahar a rufe yake.